Babi na Shida: Ɗan Ƙullutu a Huhu

Galibin mutanen da aka ga ƙullutu a huhunsu ba shi ya kai su asibiti ba. Wani hatsarin mota ya yi aka ɗauki hoton haƙarƙarinsa. Wani takardar shaidar lafiya ya je nema don aiki ko tafiya waje. Wata ciwon ciki ya sa aka yi mata hoto, na'ura ta haɗa da gindin huhu. Sai ga layi ɗaya a ƙasan takardar sakamako: an ga ƙullutu mai milimita kaza a saman huhun dama. Ba ya ciwo, domin naman huhu ba shi da jijiyoyin jin zafi, kuma sau da yawa ko tari ba ya sa wa. Amma daga wannan rana barci ya ƙaurace wa mai takardar.

A wurin likitoci, ƙullutun huhu shi ne ɗan dunƙule mai kewaye da lafiyayyen huhu wanda faɗinsa bai wuce santimita 3 ba. Idan ya haura haka ya tashi daga ƙullutu ya zama ƙari, kuma ana ɗaukarsa a matsayin kansa har sai bincike ya wanke shi. Ƙananan kuwa suna da yawa ƙwarai. A Amurka, inda ake yawan yin hoto, an ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ne ake ganin ƙullutu a huhunsu kowace shekara, kuma mafi rinjayensu ba kansa ba ce. Tabon tsohuwar cuta ne, ko kaluluwa, ko wani tsiro marar lahani. Sai dai a cikin wannan taro akwai 'yan kaɗan da su ne farkon kansar huhu, cutar da ta kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a duniya a shekarar 2022, fiye da kowace irin kansa. Wanda aka kama tasa tana ƙarama aka yanke, mafi yawanci yana rayuwa. Wanda aka gano bayan ta bazu, ƙalilan ne ke kai shekara biyar. Aikin da ke gaban likita ke nan: ya tsamo 'yan kaɗan ɗin nan ba tare da ya sa wa sauran wuƙa a banza ba.

Hoton ƙirji da kowa ya sani ya samo asali ne daga hasken da Wilhelm Rontgen ya gano a garin Wurzburg na Jamus a watan Nuwamban 1895. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan hoto inuwa ce. Haske ya ratsa jiki daga baya zuwa gaba, duk abin da ya tarar a hanya ya tattara shi a kan shafi ɗaya: fata, haƙarƙari, jijiyoyin jini, zuciya, ƙashin baya. Saboda haka abubuwa da dama kan yi shigar ƙullutu alhali ba su ma cikin huhun. Kan nono yakan fito kamar ɗan dunƙule a ƙasan huhu, har likitoci kan liƙa masa 'yar alamar ƙarfe su sake ɗaukar hoton don su tabbatar. Haƙarƙarin da ya taɓa karyewa ya warke yakan yi kumburi a wurin ɗorin. Tsiron fata, maɓallin riga, laya ko sarƙar da aka manta ba a cire ba, duk sun sha tayar da hankalin mutane.

Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari. Ƙullutun gaske yakan ɓuya a bayan zuciya, ko ƙarƙashin ƙasusuwan gindin wuya, ko a saiwar huhu inda manyan jijiyoyi suka cunkushe, ko can ƙasa bayan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wanda bai kai santimita ɗaya ba kuwa da wuya hoton ƙirji ya nuna shi sosai. Tun a 1949 wani likitan hoto a Amurka, Henry Garland, ya wallafa abin da bai yi wa abokan aikinsa daɗi ba: gogaggun masu karanta hoto kan tsallake kusan kashi 30 cikin 100 na hotunan da ke ɗauke da cuta, kuma idan aka sake ba mutum hoton da ya riga ya karanta, yakan saɓa wa kansa kusan sau ɗaya cikin biyar. Daga baya, a wani dogon bincike na asibitin Mayo, da aka koma kan tsofaffin hotunan waɗanda kansa ta bayyana a gefen huhunsu, sai aka tarar kusan tara cikin goma alamar tana nan tun a hotunan baya. Bayan an san inda abu yake, ganinsa ba wuya.

Na'urar CT, wadda a asibitocinmu ake kira siti-sikan, ita ta warware matsalar cunkushewar inuwa. Injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI a Ingila ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a Landan cikin Oktoban 1971, shi da Allan Cormack suka karɓi kyautar Nobel a 1979. Bututun haske ne ke kewaya jiki, kwamfuta ta lissafa, ta fitar da ƙirjin yanka-yanka. Na'urorin yau kan yi yankan da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi an gama. Kuma kowane ɗigo a hoton yana da lamba da ke nuna nauyin abin da ke wurin, a ma'aunin da ke ɗauke da sunan Hounsfield: ruwa sifili ne, iska dubu ɗaya ƙasa da sifili, kitse wajen ɗari ƙasa da sifili, ƙashi kuma ɗaruruwa zuwa sama da dubu.

To amma ƙirji guda yanzu ya zama hotuna ɗari uku ko fiye, kuma wani ne zai zauna ya bi su. Shiga ɗakin likitan hoto ka gani. An rage fitila, manyan allunan kwamfuta biyu ko uku a gabansa, yatsansa a kan linzami yana murzawa, huhu na wucewa daga sama zuwa ƙasa. A kowane yanka akwai fararen ɗigogi barkatai a cikin baƙin huhu, kuma kusan dukkansu jijiyoyin jini ne da aka yanko a tsaye. Yadda yake bambance su shi ne da motsi. Jijiya, in ka murza gaba, tana nan, ta ɗan gusa, ta rabu biyu, ta ƙanƙance har ta ƙare a gefe. Ƙullutu kuwa sai ya ɓullo, ya cika, ya ɓace cikin yanka biyar ko shida, babu inda ya nufa. Da ya ga haka sai ya tsaya, ya koma baya, ya juya hoton ya dube shi ta gefe da ta gaba, ya sauya hasken allo daga wanda ke nuna huhu zuwa wanda ke nuna tsoka da kitse, sannan ya ja ma'auni. Wannan ba abu ne da ake yi da fim ɗin da aka ɗaga a taga ba, balle hoton fim da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp.

Ganowar ma rabin aiki ce. Saura tambayar: mene ne wannan? Nan ƙwararre yake tattara shaidu. Idan ƙullutun ya daskare da sinadarin kalsiyam gaba ɗayansa, ko a tsakiyarsa, ko zobe-zobe, to tsohon tabo ne na cutar da jiki ya riga ya ci ƙarfinta. Idan ma'auni ya nuna kitse a cikinsa, alamar wani tsiro ne marar lahani da ake kira hamatoma. Idan ɗan ƙarami ne mai kusurwa uku, kwance a kan layin da ya raba sassan huhu, kusan ko da yaushe kaluluwa ce. Waɗannan duk ana iya cewa mai su ya tafi gida ya kwanta. Amma idan gefensa ya yi tsinke-tsinke yana jan naman da ke kusa, ko yana saman huhu, ko huhun da ke kewaye ya riga ya lalace da taba, hankali ya tashi. Akwai kuma wani iri mai ruɗi, wanda bai yi fari sol ba, dishi-dishi yake har ana hango jijiyoyi ta cikinsa. Sau da yawa kumburi ne da zai washe cikin 'yan watanni. Idan ya ƙi washewa, musamman in wani tauri ya fara fitowa a tsakiyarsa, yakan zama wata kansa mai tafiyar hawainiya wadda ake yawan samu ga matan da ba su taɓa shan taba ba.

Girma shi ne babban ma'auni. A binciken NELSON da aka yi a Holan da Beljiyam, ƙullutun da bai kai milimita 5 ba, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ya zama kansa, wanda ya kai milimita 10 ko fiye kuwa wajen 15 cikin ɗari. A kan irin waɗannan alƙaluma ne ƙungiyar Fleischner, ta ƙwararrun hoton ƙirji na duniya, ta gina ƙa'idojinta na 2005 da ta sabunta a 2017. A taƙaice, ƙullutu mai tauri guda ɗaya da bai kai milimita 6 ba, wato bai kai ƙwayar wake ba, ga mutumin da ba shi da wani haɗari, ba ya buƙatar a sake dubawa. Daga 6 zuwa 8, a sake hoto bayan wata shida zuwa shekara. Sama da 8, a sake bayan wata uku, ko a yi hoton PET, ko a tsakuro nama a auna. Ƙa'idar ta 'yan shekara 35 ce zuwa sama, kuma ba ta shafi mai kansa a wani sashen jiki ba, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

“A dawo bayan wata shida” ita ce maganar da masu jinya suka fi ƙi. Mutum ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin hoto, sannan a ce masa ya je ya jira. Yakan ɗauka likita ne bai san aikinsa ba. A gaskiya jiran nan shi kansa gwaji ne, kuma babu gwajin da ya fi shi araha. Kansa tana girma. Mai tauri kan ninka girmanta cikin kimanin wata ɗaya zuwa kwana 400. Abin da ya ninka cikin mako biyu ya fi kama da ƙwayar cuta, wanda kuma ya shekara biyu bai motsa ba ana ɗaukarsa marar lahani. Mai dishi-dishi ne kawai ake bi har shekara biyar saboda nawarsa.

Sai dai akwai lissafin da ke yaudarar ido. Dunƙulallen abu idan jikinsa ya ninka biyu, faɗinsa kashi 26 cikin 100 kawai yake ƙaruwa. Ƙullutu mai milimita 5 da ya koma 6.3 ya riga ya ninka. Bambancin milimita ɗaya da 'yan kai ke nan, alhali likitoci biyu masu auna abu ɗaya kan saɓa da kusan haka. Shi ya sa ake so a maimaita hoton da siraran yanka irin na farko, shi ya sa masu binciken NELSON suka dogara da manhajar da ke auna jikin ƙullutu dungurungum maimakon faɗinsa, kuma shi ya sa abin da likitan hoto ke fara nema shi ne tsohon hoto.

Ɗauki misalin dattijo mai shekara sittin da 'yarsa ta kawo shi da sabon siti-sikan, an ga ƙullutu mai milimita 9. Ya ce, “Likita, gaya mini gaskiya, ciwon dajin ne?” Likita ya ce, “Baba, an taɓa yi maka hoton ƙirji a baya?” 'Yar ta tuna an yi masa siti-sikan shekara uku da suka wuce lokacin da ya faɗi a babur, faifan hoton yana cikin akwati. Idan aka kawo faifan aka ga ƙullutun nan a wurinsa da girmansa, magana ta ƙare a ranar, babu allura babu tiyata. Idan kuma babu shi a tsohon hoton, to sabon baƙo ne, kuma ba za a jira wata shida ba. Faifai ɗaya ya sauya hukunci gaba ɗaya, alhali sabon hoton bai canza ba.

Mai karatu zai iya cewa, me zai hana a tsakuro naman kowane ƙullutu a huta? Amsar tana cikin babban binciken da aka yi a Amurka mai suna NLST, wanda aka wallafa a 2011. An ɗauki mutum 53,454 masu shekara 55 zuwa 74 da suka daɗe suna shan taba, aka yi wa rabi siti-sikan mai ƙaramin haske sau uku, shekara-shekara, rabi kuma hoton ƙirji. Mace-mace daga kansar huhu ya ragu da kashi 20 cikin 100 a ɓangaren siti-sikan. Nasara ce babba. Amma kusan hoto ɗaya cikin huɗu ya nuna abin zargi, kuma kashi 96 cikin 100 na waɗannan ba kansa ba ce. Allurar da ake sokawa ta bangon ƙirji don tsakuro nama kan sa iska ta zubo huhu ya saɓe ga wajen mutum ɗaya cikin biyar, wasu har sai an sa musu roba a ƙirji. Da za a soki kowa, da an jikkata dubbai don a kama ɗaruruwa. Shi ma hoton ba kyauta yake ga jiki ba: siti-sikan na ƙirji na yau da kullum ya kai hasken hoton ƙirji gommai, ko da yake mai ƙaramin haske ya rage wannan ƙwarai.

Hoton PET kuwa sukari ne mai alamar haske ake ɗura wa mutum a jijiya, sai duk inda ke cin sukari da haɗama ya haskaka. Kansa na yin haka. Amma tarin fuka ma na yi, haka sauran cututtukan da ke tara ƙwayoyin garkuwa wuri ɗaya. Ƙananan ƙullutai da kansa mai nawa kuma sukan ƙi haskakawa. Kama da wane ba wane ba ce.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. An rubuta ƙa'idojin da na ambata ne bisa alƙaluman Turai da Amurka, inda taba ta yi yawa, tarin fuka ya yi ƙaranci. Ko a can, likitan da ke aiki a kwarin kogunan Ohayo da Misisifi ya san cewa wani nau'in fumfuna da ke cikin ƙasar da kashin tsuntsaye da jemagu ya taru ya bar wa ɗimbin mutanen yankin tabo a huhu, don haka ba ya karanta hoto kamar takwaransa na wani gari. A 2016 ƙwararrun ƙasashen Asiya suka fitar da tasu ƙa'idar, saboda yawan tarin fuka a wurinsu da yawan kansar huhu ga marasa shan taba. Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka a duniya. Ƙullutu a saman huhun matashi a Kano ko Maraɗi, abin da ya fi kusa shi ne tarin fuka, wato tibi, na yanzu ko na da, kuma gwajin kaki da na'urar GeneXpert shi ne matakin farko mai ma'ana.

Amma wannan gaskiyar ita ce kuma tarkonmu. Saboda tibi ya cika ido, duk inuwar da aka gani a huhu sai a ce shi ne. Ana samun dattijo mai tari da rama, kakinsa bai nuna komai ba, a ɗora shi kan maganin wata shida bisa hoto kawai. Ya sha wata biyu ba sauƙi, a ce ya ƙara haƙuri. Ya gama shida, a ce wataƙila mai bijire wa magani ne. Kafin wani ya ce a yi siti-sikan, abin da da ana iya yankewa ya kai hanta da ƙashi. Ba laifi ba ne a fara zargin tibi a ƙasar da yake da yawa. A ganina laifin shi ne a ƙi waiwayar hukuncin bayan gwaji bai tabbatar ba, magani kuma bai yi aiki ba. Kuma babu abin da ya hana cututtukan biyu su haɗu a huhu ɗaya.

Kada a ɗauka ƙwararre ba ya kuskure. A 2013 masu bincike a Bostan, Trafton Drew da abokan aikinsa, suka ba likitocin hoto 24 siti-sikan na huhu suka ce su nemo ƙullutai. A cikin na ƙarshe suka saka hoton goggon biri wanda ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48. Ashirin daga cikinsu ba su gan shi ba, kuma na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin kai tsaye. Ido abin da aka aike shi nema yake gani. Waɗannan likitoci sun fi marasa horo nesa ba kusa ba wajen tsinto ƙullutan, amma wannan kaifin ne ya rufe musu ido daga abin da ba su zata ba. Akwai kuma sanannen rauni na gamsuwa da abin da aka fara samu: an ga karayar haƙarƙari, hankali ya kwanta, ƙullutun da ke ɗaya huhun ya wuce. Maganin da sana'ar ta samo shi ne bin hoto bisa tsari ɗaya kullum, sa mutum na biyu ya sake dubawa, da zaman da likitan hoto, likitan huhu, likitan tiyata da mai auna nama kan yi su tattauna marar lafiya ɗaya.

Manhajojin kwamfuta masu koyo sun shigo, kuma suna da amfani. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da su wajen tace hotunan ƙirji don neman tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma ana aiki da su a motocin gwajin tibi a Najeriya. Inda likitocin hoto suka yi ƙaranci, suka kuma taru a manyan asibitocin koyarwa na birane, wannan taimako ne na gaske, haka ma tura hoto ta intanet ga ƙwararren da ke nesa. Manhaja ba ta gajiya da ƙarfe huɗun yamma. Sai dai ba ta san cewa mai hoton ya yi shekara ashirin yana fasa dutse ba, ko an taɓa yi wa matar nan aikin kansar mama, ko yaron nan yana kwana ɗaki ɗaya da mai tari. Shi ma likitan hoto ba zai sani ba in ba a rubuta masa ba, kuma takardar neman hoto da ba ta ɗauke da komai sai “tari” ta tauye shi tun kafin ya kunna allo.

Don haka, mai karatu, idan aka ce an ga ƙullutu a huhunka ko na wani naka, tambayi girmansa da milimita, ka nemi rubutaccen rahoto mai sa hannun likitan hoto. Karɓi faifan, kada ka tsaya ga fim kaɗai, ka adana shi tare da duk wani tsohon hoton ƙirji da ke gidan. Faɗa wa likita gaskiyar shekarun da ka yi kana shan taba ko shisha, da irin aikinka, da ko ka taɓa shan maganin tibi. Idan aka ba ka ranar dawowa, rubuta ta, ka dawo ko da kana jin garau. Idan kuma an ɗora ka kan maganin tibi ba tare da gwaji ya tabbatar ba, ka kai wata biyu babu sauƙi, koma asibiti ka nemi a sake duba hoton.